Sai Mota Ta Iso Ƙofar Gida

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Likita ta ce nan da mako uku za su sallami maigidan. Ta ce sau uku a mako za a riƙa mayar da shi asibiti gashin jiki, kuma ƙafar da ta shanye ba za ta ɗauke shi ba tukuna, sai a kan keken guragu. Na yi hamdala. Ban gama rufe baki ba Yaya Babba ya ce, "To ai magana ta ƙare. Gidana za a kai shi, mota har bakin ɗaki take zuwa. Lungunku kuwa, Malama, kin ga dai yadda aka yi ran nan."

Na ga yadda aka yi ran nan. Ni ce na riƙe bargon ta wajen kai, tun daga ƙofar gida har bakin titi. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Yaya Babba wan mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Bara ya yi ritaya, kuma tun daga lokacin yake neman abin da zai shugabanta. Gidansa can ƙarshen gari ne, bas biyu daga makarantar da nake koyarwa. Za su ware wa maigidan ɗaki, ni kuma in riƙa zuwa da kwano a hannu ina sallama kamar 'yar dubiya. Bayan shekara ashirin da shida da aure.

Na ce, "Yaya, ba ni mako ukun nan. In motarka ta shiga har ƙofar gidanmu, a nan za ka sauke ƙaninka."

Ya dube ni ta saman tabarau. "In ba ta shiga ba fa?"

"Ni da kaina zan haɗa masa jaka."

Ya ce ya yarda, da irin murmushin da ake yi wa yaro in ya ce zai ɗaga buhu.

Talata, 3 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na auna lungun da tef ɗin awon ɗinki kafin in tafi makaranta. Ciki mita biyu da rabi ne, ya ishi mota har da sarari. Bakin ne a shaƙe. Ta dama akwai matacciyar motar da ke gaban garejin bakanike, shekara shida ba ta motsa ba, tayoyinta sun nutse a ƙasa. Ta hagu akwai ƙofofin ƙarfe da mai walda ke jinginawa don masu wucewa su gani. Abin da ya rage tsakaninsu santi tamanin da biyar. In ka wuce nan kuma ga dakalin siminti da Baba mai rediyo ya gina a jikin katangarsa, inda yake wuni a zaune.

Santi tamanin da biyar. Mutum huɗu riƙe da bargo sai sun karkata shi.

Na ce ba zan rubuta wannan ba.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Shekara goma sha tara ina horar da 'yan mata muhawara. Kofuna huɗun da ke ofishin shugabar makaranta ɗalibaina ne suka ciwo su. In na kasa kawar da mota ɗaya da kaza ke ƙwai a cikinta, a karɓe mini alli.

Na rubuta shafi uku: haƙƙin hanya, gobara, mai naƙuda, ranar da za a fito da wani daga cikinmu a kwance. Duk abin da za su iya cewa na tanadi amsarsa. Na karanta wa madubi, madubi ya gamsu. Na aika gida-gida a taru ranar Asabar da la'asar.

Rabon da in ci abinci da daɗi irin na yau tun kafin abin ya faru.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na yi kaca-kaca da su.

Bakanike ya ce motar kayan gyara take jira. Na ce, "Shekara shida? Kazar da ta fara ƙwai a kujerar baya, yanzu tattaɓa-kunnenta ne a ciki. Ko a ƙafa kayan gyaran suke tahowa ai da sun iso." Aka kwashe da dariya, har da matarsa da ke tsaye a bakin ƙofa. Mai walda ya ce a nan ne ake ganin kayansa. Na tambaye shi ranar da wuta ta tashi a shagonsa ta ina motar kashe gobara za ta bi, ko ta cikin ƙofofin da ya kasa sayarwa? Baba mai rediyo ya ce dakalinsa ya girmi aurena. Na ce hanyar ta girmi dakalin.

Har da tafi. Wata maƙwabciya ta kama hannuna ta ce, "Malama, yau kin wanke mana zuciya." Na dawo gida kamar in taka rawa, na haɗa shayi mai kauri na sha a tsaye.

Lahadi, 8 ga wata, azahar

Ba abin da ya motsa.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Mai walda ya ƙara ƙofa ɗaya. Santi saba'in. Na gaida bakanike ya shige ƙarƙashin mota. Baba ya ƙara wa rediyo murya.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a bencin asibiti

Yau ya riƙe cokali da hagu ya kai baki sau biyar bai zubar ba. Ma'aikaciyar jinya ta ce duk ɗakin ba wanda ya kai shi taurin kai. Na ce ai ba ta ga komai ba.

Na karanta masa shafuka ukun, na ba shi labarin yadda na yi da bakanike. Ya yi dariya da rabin bakin da ke yi masa biyayya, har hawaye. Sannan ya nuna allon da suka ba shi. Ya daɗe yana fama da alli. Haruffan kamar na ɗan aji ɗaya: SU ME ZA SU SAMU.

Na ce, "Me za su samu? Lada za su samu! Ni ce mijina ke kwance, su ne kuma za a lallasa?"

Ya ɗaga gira. A hankali, kalma tana jan kalma, ya ce, "Malama... an ba ki... kofi?"

Da ba a asibiti muke ba da na jefe shi da filo.

Shekara talatin yana sayar da katifa, ban taɓa jin ya ce wa mai saye katifarsa mai kyau ce ba. Tambaya yake yi. Ina ke maka ciwo in ka tashi da safe? Wa ke kwana ta jikin bango? Yara na hawa su yi tsalle? Sai mutum ya zauna ya yi ta ba da labarin bayansa, ƙarshe ya fita da katifa a ka yana ganin dabararsa ce. Ni kuwa kullum a raina wayon 'yan kasuwa nake ce wa abin, ina kallonsa daga sama.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe shida na safe

Na sauko da tsofaffin littattafan fasahar magana da na yi karatu da su. Abin haushi, yana ciki. Babi guda ne cur a kan sanin mai sauraro: me yake tsoro, me yake kwaɗayi, me zai ji kunyar a ce ya yi. Da jan biro na ja masa layi tun ina ɗaliba. Na ci jarrabawa da shi, ban taɓa aiki da shi ba.

Na gano dalili. A zauren muhawara akwai alƙalai uku a tebur, su kike yi wa magana, abokiyar karawarki kuwa ki tumurmusa ta son ranki. A lungunmu babu tebur. Waɗanda na tumurmusa su ne alƙalan.

Saura kwana goma sha biyu.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

A bas, ina dawowa daga asibiti, na zauna ta taga na leƙi bakin lungunmu da idon baƙo. Ba a ganin ƙofofin mai walda ko kaɗan. Motar bakanike ta tare rabi, rumfar mai tumatir ta tare rabi. Abin da ake hangowa kawai rufin shagonsa ne, fili fetal, da wata tsohuwar taya a kai.

Na same shi yana feshin wuta da baƙin tabarau. Sai da na haɗiye magana uku da suka zo mini baki kafin na yi sallama.

"Malama, in wani karatun ne, na ranar Asabar bai gama narkewa ba."

"Ba karatu na zo yi ba, tambaya ce. Yaushe rabonka da shiga bas?"

"Ina da babur, me zan yi da bas?"

"Mutum nawa ke bin titin nan a bas kullum?"

"Wa ya sani. Dubbai."

"A cikinsu mutum nawa ya taɓa sauka ya ce ya hango ƙofarka?"

Ya ɗage tabarau ya dube ni. Na ce gobe ya taka zuwa tashar da ke kafin tamu, ya hau, ya zauna ta taga, ya ga abin da dubban nan ke gani. Ban ce rufi ba. Wallahi sai da na ciji harshena, amma ban ce ba.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ya tare ni tun daga nesa. "Malama! Wata dabara ta zo mini. Kin ga rufin can? In na kafa ƙarfe na jera ƙofofin a sama, har na cikin bas mai bin ɗaya hannun zai gani."

Na ce, "Kai! Amma ka yi tunani."

Ya ce ai shi kansa yana ja, mutane ne ba su sani ba.

Ban taɓa sanin ba wa wani tunaninki kyauta yana da ciwo haka ba. Kamar cire haƙori. Amma bayan an cire akwai wani irin daɗi.

Asabar, 14 ga wata, hantsi

Ƙofofi bakwai a sama, ya shafa musu sabon fenti, suna ƙyalli. Mita ɗaya da rabi. Na auna sau biyu don marmari kawai.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na kai wa Baba mai rediyo shayi na zauna a gefen dakalin. Ya ce, "'Yata, in fasawa kika zo yi, bari in sha shayin tukuna."

Ban yi maganar fasawa ba. Awa biyu na yi. Shekara goma sha ɗaya ina wuce mutumin nan ina ce masa ina kwana, ban san idonsa ya kusa tafiya ba. Da taku yake gane mutane. "Ga tela nan, ƙafar hagu na ja." "Wannan matar mai burodi ce, yau ranta a ɓace yake." Kuma haka ne. Kowa ya zo wucewa sai ya tsaya ya ce sannu Baba, wani ya ɗan zauna, wani ya tambayi me rediyo ya ce. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa duk suna wasu garuruwan.

Da zan tashi ya ce, "Maganarki ta ran nan gaskiya ce, ba ƙarya ko ɗaya. Amma in aka fasa nan, ɗaki zan koma. A ɗaki wa zai ce mini sannu?"

A shafuka ukuna babu amsar wannan. Na ɗauki kofina na dawo.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mai koya wa maigidan magana ta kira ni gefe. Ta ce in ya koma gida yana bukatar wanda zai riƙa hira da shi awanni kullum, mai haƙuri, wanda ba zai riƙa ƙarasa masa magana ba in ya tsaya neman kalma. Da ta zo wannan wajen sai ta tsare ni da ido. Maigidan kuma ya tsare silin da ido, yana danne dariya. Munafukai.

Daga asibiti ban shiga gida ba, dakalin na nufa.

"Baba, aiki na zo roƙo."

"A wajena? Ni da ko allura ba na gani?"

Na gaya masa abin da matar ta ce. Na ce da safe ina makaranta, maigidan zai riƙa zama a ƙofar gida a kan kekensa, kuma ni ban san mai haƙurin sauraro kamarsa ba a lungun nan. Na ce ƙofarmu tana daidai kwanar famfo, duk mai ɗiban ruwa ta nan yake bi, inuwa kuma ba ta barin wajen sai la'asar. Wannan duk gaskiya ne, na lura ban ƙara ko gishiri ba.

Can ya ce, "Kujera mai jingina da hannu."

"An gama."

"Shayi sau biyu."

"An gama."

"Rediyo kuma ni ke zaɓen tasha. Mijinki labarin ƙwallo yake so, na sani, ina jiyo shi."

Sannan ya shafa simintin da tafin hannu ya ce a fasa ranar Alhamis in ya tafi duba ido, ba ya son ya ji ƙarar.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Saura kwana shida. Bakanike har yanzu in ya hango ni sai ya tuna yana da aiki a ƙarƙashin mota.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Tunda ya ƙi tsayawa, matarsa na je wa. Na ba ta haƙuri a kan dariyar da na sa aka yi wa mijinta. Ta ce, "Haba Malama, ni ma ai na yi." Muna tsinke ganye a tsakar gida ta fasa mini ƙwan. Motar ta babanta ce. Shi ya kawo wa surukinsa gyara shekara shida da suka wuce, injin kuwa ya mutu murus, ba mai tashinsa. Duk wata tsohon yakan zo ya shafa bayanta ya ce, "Ya ake ciki?" Bakanike ya durƙusa ya ce, "Ana kan aiki, Baba." Wajen da ta tare motoci biyu masu rai za su tsaya. Ta ce har mafarkin motar yake yi.

Muna cikin haka ya shigo. Ya yi kamar zai juya, matar ta ce, "Dawo, na riga na gaya mata."

Ya zauna a kan bokiti yana murza tsumma. Ina shirya yadda zan fara, shi ya riga ni.

"Malama, abin da kika yi mini ran nan. Za ki iya maimaitawa?"

Na ce ban gane ba.

"Surukina zai zo ranar Asabar da hantsi. Ki fito ki yi mini irin wancan, ki ƙara. Ki ambaci hukuma, ki ambaci takarda. Ni kuma in yi ta ba ki haƙuri ina kare motar, ina cewa sai dai a bi ta kaina. In ya ga ana ci mini mutunci saboda shi, da bakinsa zai ce a ɗauke."

"Wato in zama masifaffiyar lungu don kai ka fita kunyar surukinka."

Ya sosa ƙeya. "Ai Malama, sunan... an riga an sa miki."

Matar ta tuntsire har ganye ya zube. Ni ma na yi dariya, bayan na gama jin haushi. Mako biyu ina neman abin da mutumin nan ke so, ashe fushina yake so, a ranar da ya zaɓa.

Alhamis, 19 ga wata, azahar

An fasa dakali. Na hana a zubar da gutsattsarin a gaban ƙofarsa, kada ya dawo ya taka.

Matar Yaya Babba ta bugo waya. A cikin hira ta ce Yaya ya sa an yi wa ɗakin fenti, ya sayo gado mai ɗagawa, kullum sai ya shiga ya gyara labule. Ta ce tun ran nan ba ya kashe waya ko zai shiga wanka, saboda a ran nan a kashe take.

Na manta da wannan. Sau tara na kira shi.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ya ce "ruwa" sarai, ba tsayawa. Ya ce "gida." Na bar shi ya nemo kalma ta uku da kansa, minti guda cur, na zauna a kan hannuwana. "Yunwa" ce.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Yau ce ranar surukin bakanike.

Tsohon ya zo, ɗan siriri mai tsabta, da sanda. Na bari sai da ya shafa motar sannan na fito da takardu a hannu, jarrabawar 'yan aji uku ce ma. Na fara yadda muka tsara. Hukuma, takarda, kaza da tattaɓa-kunnenta. Bakanike yana, "Haba Malama, a yi haƙuri, motar Baba ce, sai dai a bi ta kaina," yana yi yana satar kallon surukin. Ya iya, har na so in ba shi maki. Mutane suka taru.

Ban san inda abin ya kuɓuce mini ba. Na nuna tsakanin motar da bango don in ce santi kaza, sai na ji bakina yana faɗin abin da ban rubuta a littafin nan ba. Yadda muka karkata bargon. Abin da ya bugi ƙarfen motar. Minti nawa muka yi daga ƙofa zuwa titi, da abin da likita ta ce game da mintoci. Ban yi ihu ba a wannan wajen, muryata ma ƙasa ta yi. Bakanike ya manta nasa layin, ya tsaya da baki a buɗe.

Tsohon ya daɗe yana kallon motar. Ya ce, "Ba a gaya mini ba." Ya juya wajen surukinsa. "Ɗana, ashe abin da kake ɗauke mini ke nan? Ba za ta tashi ba, ko?"

Bakanike ya sunkuyar da kai. "Ba za ta tashi ba, Baba."

"To a ɗauke ta yau."

Mutum goma sha ɗaya suka tura, mai walda yana ba da umarni kamar shi ya kawo shawarar. A inda ta tashi akwai ciyawa fara sol da ba ta taɓa ganin rana ba, da ƙwai huɗu. Matar bakanike ta kawo mini biyu.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yaya Babba ya zo gwaji. Ya naɗe maduban mota, ya shigo a hankali kamar mai taka ƙwai, har ƙofar gida. Ya kashe mota ya fito, ya dubi baya, ya dubi ƙofa. Ya ce, "To. Kin yi nasara, Malama." Ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa.

Jawabin nasara yana bakina, na ma shirya shi tun jiya. Sai na tuna labule.

Na ce, "Yaya, shigo ka sha ruwa, akwai matsala."

Na gaya masa ni ba ni da mota, ba na iya tuƙi, ba na iya ɗaga ƙaninsa daga gado zuwa keke. Litinin, Laraba da Juma'a ƙarfe takwas ake son sa a asibiti, ni kuma ƙarfe bakwai da rabi ina gaban allo. Na ce gadonmu ƙasa ne sosai, mai ɗagawa ake bukata, ban san inda ake samu ba. Allah ya yafe mini wannan ta ƙarshen.

Ya gyara zama. "Gado ai akwai. Yau za a kawo."

"Kai wa da dawowa fa?"

"Wa kike da shi in ba ni ba?"

Sannan ya ce in zai zo da sassafe ba zai tsaya yana buga ƙofa kamar baƙo ba. Na gane inda ya dosa. Na shiga ɗaki na tsaya gaban durowa na yi minti biyu ina zagin kaina a zuci. Mutumin da ke gyara mini yadda nake jera takalma. Mutumin da ke duba bayan tukunya. Na fito na sa masa makullin gidana a hannu.

Ya zura shi cikin zoben makullansa, kusa da na mota, ya ce, "Ƙofar nan tana bukatar mai, tana ƙara." Tun yanzu.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe uku na rana

Ya dawo.

Duk lungu ya fito nuna wa Yaya hanya, kowa da nasa hannun. Baba mai rediyo, daga sabuwar kujerarsa, shi ya fi kowa ɗaga murya: "Dama! Dama kaɗan!" alhali ko motar ba ya gani. Bakanike da mai walda suka sauko da keken. Maigidan ya ɗaga kai ya ga ƙofofi a kan rufi, ya dubi inda motar take da, ya dube ni. Hannun hagu ya miƙo ya ja kunnena a gaban mutane. Shekara hamsin da ɗaya gare ni.

Yanzu yana barci. Na bar ƙofar ɗakin a buɗe. Ina da takardun jarrabawa sittin da zan duba, na duba uku.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe bakwai da kwata na safe

Bakwai saura kwata na ji makulli a ƙofa. Ko ɗankwali ban ɗaura ba. Ya shigo da gwangwanin mai, ya ɗiga wa ƙofa, ya ce shayina ya cika sukari tun bai ɗanɗana ba, ya kawar mini da bokiti daga inda yake shekara goma. Na buɗe baki.

Sai na ji gado ya yi ƙara a ɗaki. Maigidan ya ji takun wansa. Muka leƙa tare. Ya dafa ƙarfen gadon da hagu yana ja, fuskarsa ta yi jawur. Yaya ya yunƙura zai kama shi, na riƙe masa hannun riga. Muka tsaya a bakin ƙofa mu biyu, ba mai numfashi.

Ya tashi zaune. Da kansa.

Ya dube mu yana haki, ya ce, "Kun... makara."